Kafin ka tura saƙon neman agaji

 Ni ma'aikacin agajin gaggawa ne a Abidjan, kuma daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da ruwan kwarin Gourou ke gangarowa Indénié, rabin aikina a waya nake yin sa.

Abidjan ta daɗe da sanin amfanin waya ranar masifa. A rikicin 2011, sa'ad da fita ta gagara, matasa sun riƙa haɗa marasa lafiya da likitoci ta alamar #CIVsocial a Twitter. Bayan turmutsitsin unguwar Plateau na daren shiga 2013, wanda ya ci rai fiye da 60, da #DramePlateau aka yi ta cigiyar waɗanda suka ɓata.

Abin da ke ba mu wahala shi ne saƙon da ba kai ba gindi. "A taimaka, ruwa ya ci gida a Adjamé!" Ina ne a Adjamé? Williamsville, Bracodi ko 220 Logements? Yau ne ko bara? Har yanzu hotunan ambaliyar Yuni 2018 kan dawo WhatsApp a matsayin sababbi. Mu kwashi kaya mu je mu tarar da ƙasa busasshiya, alhali ga wata tsohuwa can ruwa ya kai mata ƙugu, babu wanda ya je.

Don Allah, in za ka rubuta, sa rana da lokaci, sunan unguwa, masallaci ko shagon da ke kusa, yawan mutane, da lambar wanda ke tsaye a wurin. Rubutu ya fi saƙon murya, domin mai aiki cikin ruwa ba ya da sukunin sauraron minti uku. Amma kafin komai kira 'yan kwana-kwana a lamba 180. Barikin 'yan kwana-kwana ma a Indénié yake.

Kuɗi kuwa, kada ka tura ta Wave ko Orange Money sai liman ko shugaban unguwa ya tabbatar da mai lambar. Hoton gawa kada ya fita daga wayarka. Uwa ba ta cancanci jin rasuwar ɗanta a Facebook ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne rufe saƙo. In an samu jinin da aka nema a cibiyar jini ta Treichville, ko an ga yaron da ya ɓata, koma duk zauren da ka tura ka rubuta: "An samu, a daina turawa."