Takarda Ɗaya, Biya Biyu: Maimaici a Lissafin Kwamfuta

A ranar 25 ga Disamba, 2021, bankin Santander na ƙasar Birtaniya ya fitar da fam miliyan 130 da bai kamata ya fitar ba. Biyan kuɗi kimanin 75,000 daga asusun kamfanoni wajen 2,000 ne aka yi sau biyu. Babu ɓarawo a cikin lamarin. Kwamfuta ce ta sake aikin da ta riga ta gama.

Irin wannan kuskure yana da wuyar ganewa, kuma dalilin tsoho ne. A tsarin lissafin da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494 a ƙasar Italiya, kowace hulɗar kuɗi ana rubuta ta a gefe biyu, kuma dole jimlar gefen nan ta yi daidai da ta wancan. To, idan aka shigar da takarda ɗaya sau biyu, gefen biyu duk sun ƙaru daidai wa daida. Ma'auni bai karkata ba, akanta ya rufe littafi hankali kwance, alhali kuɗi sun zurare.

Saboda haka manyan manhajojin kasuwanci, irin na kamfanin SAP da aka kafa a Jamus a 1972, sukan tsare ƙofa tun daga shiga. Kafin su karɓi takardar neman biya, sai su gwada ta da na baya: sunan mai kaya, adadin kuɗi, irin kuɗin, kwanan wata da lambar takarda. Sai dai kwamfuta ba ta san kama ba, daidai kawai ta sani. Akawu ya buga harafin O a gurbin sifiri, ko an yi wa ɗan kwangila ɗaya rajista da suna biyu, shi ke nan takardar ta wuce a matsayin sabuwa. Wani lokaci kuma layin sadarwa ne ke yankewa, akawu bai ga amsa ba, ya sake dannawa.

Ɗaliban ilmin halitta za su ga cewa ƙwayar halitta ta daɗe da warware wannan matsala. Kafin ta kwafi DNA, takan ɗora wasu sunadarai da ake kira MCM a wuraren da kwafi zai fara. Da zarar an soma, ba a sake ɗora su sai ƙwayar ta rabu biyu. Izini ɗaya, kwafi ɗaya. Manhaja mai kyau haka take yi: kowane aiki da shaidarsa, wadda ba ta ciwuwa sau biyu.

Akwai kuma kuskure na biyu, inda manhajar ke ƙin karɓar takarda, ta ce lambarta tana da mai ita. Kowace takarda tana samun lamba daga wani maƙirgi da ke ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka kwaso bayanai daga tsohuwar na'ura ba a gyara maƙirgin ba, zai miƙa lambar da aka riga aka bayar, rumbun bayanai kuwa ya ƙi. Abin takaici, akawu yana iya ganin lamba a allo ya ɗauka aiki ya shiga. A SAP ana duba ayyukan da suka maƙale ta shafin SM13, a nemo lamba mafi girma da aka yi amfani da ita, a ɗaga maƙirgin sama da ita, sannan a sake shigarwa.

Takardar da ta riga ta shiga sau biyu kuwa ba a goge ta. Ana rubuta wata da ke warware ta, gefe da gefe, don mai binciken kuɗi ya tarar da ukun a jere: ta asali, maimaicin, da wadda ta soke shi. Idan har an riga an biya, sai a nemi mai kayan ya maido, ko a cire daga biyansa na gaba.