Ɗan Barewar da Yara Suka Tsinto

Wani manomi ya aiko da tambaya: yaransa sun tsinto ɗan barewa kwance cikin ciyawa, sun kawo shi gida, ana ɗura masa nono, ga shi zawo ya kama shi. Yaya zai yi?

Malam, maganar farko ba za ta yi maka daɗi ba: wataƙila ba maraya ba ne. Barewa da gada sukan ɓoye ɗansu a ciyawa su tafi kiwo, sai lokaci-lokaci su dawo su shayar da shi. Lafewar da ya yi dabarar tsira ce, ba rashin uwa ba. In yau aka ɗauko shi kuma babu rauni a jikinsa, a mayar da shi daidai inda aka same shi, a ja da baya sosai a sa ido.

In kuwa an ga gawar uwar, to riƙo ya kama ka. Daina ba shi nono yanzu. Kowace dabba da irin madararta. A ƙasar Kenya, wata mata mai suna Daphne Sheldrick ta shafe shekaru tana rasa marayun giwaye kafin ta gano cewa kitsen madarar shanu ne ba sa iya narkarwa, ta koma haɗin da ke da man kwakwa. Gidauniyar da ta kafa a 1977 na renon su har yau. Naka ɗan barewar, madarar akuya mai ɗumi ta fi masa sauƙi, amma sai jikinsa ya yi ɗumi tukuna, ya sha ruwan gishiri da sukari saboda zawon. A ba shi da bulumboti yana tsaye, kaɗan-kaɗan. Ɗure a kwance kan tura madara cikin huhu, daga nan sai namoniya.

Abin da ya fi wuya shi ne hana yara wasa da shi. Sa shi a ɗaki mai duhu, nesa da karnuka da hayaniya. Barewar da ta saba da mutane ba ta gudun maharbi in an sake ta, namijin kuma in ya yi ƙaho yakan soki wanda ya rene shi.

Gobe da safe ka nemi likitan dabbobi ya duba shi, ka sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa da kai, su za su san inda ya dace a kai shi.