Yadda ake ɗaukaka ƙara kan kuɗin ciyar da yara a ƙasar Gumel

Shari'ar ciyarwa ba ta farawa da lauya. Takan fara ne bayan aure ya mutu, yara suna hannun uwa, uba ya ɗauke ƙafa, dattawan gida da mai unguwa sun yi iya yinsu abin ya faskara. Sai uwa ta nufi kotun shari'a mafi kusa da ita, a Gumel ne ko Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, ta shigar da ƙara, a aika wa uban yara sammaci.

Alƙali yana hukunci ne da fiƙihun Malikiyya, irin wanda ke cikin Risala da Muktasar na Halil. Ƙa'idar a fili take: ciyar da ɗa namiji yana wuyan uba har ya balaga, ta 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Zaman yara a wurin uwa ba ya sauke wannan nauyi. Inda gardama ke tashi shi ne adadi. Shari'a ba ta yanke kuɗi ɗaya ga kowa ba, ƙarfin uba ake dubawa da tsadar rayuwa a garin. Ma'aikaci takardar albashinsa ta isa shaida. Manomin da ke jiran kakar gero da riɗi, ko dillalin da samunsa ya rataya kan kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, sai an kawo waɗanda suka san shigarsa da fitarsa.

To, an yanke hukunci, wani bai gamsu ba. Uba ya ce an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko uwa ta ce abin da aka yanka ba zai kai mako biyu ba. Kwana 30 ke gare shi ya ɗaukaka ƙara. Wanda ya makara dole ya roƙi ƙarin lokaci, ya kuma kawo uzuri mai ƙarfi. Zai je wurin magatakarda ya faɗi dalilansa, ya biya kuɗin kwafin shari'a.

Wannan kwafi shi ne komai, kuma a nan mata da yawa ke yin asara ba su sani ba. Kotun sama ba ta cika sake shari'a daga tushe ba, galibi abin da aka rubuta a ƙasa take karantawa. Uwar da kunya ta hana ta faɗin cewa tsohon mijinta yana da shanu a wurin kiwo, ko ta bar takardun asibiti da rasit ɗin makaranta a ƙasan akwati, ta bar kotun sama ba abin kamawa. Don haka nake ganin ranar farko a gaban alƙali ta fi kowace rana nauyi. Ta faɗi komai, ta zo da shaidu, ta tabbata an rubuta.

Hukuncin ƙaramar kotu babbar kotun shari'a ce ke fara duba shi. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure, riƙon yara, ciyarwa da gado, sashe na 278 kuma ya ce sai alƙalai uku aƙalla sun zauna.

Me suke nema a cikin kwafin? Ko kotun farko tana da hurumi. Ko sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara, an ji ta bakinsa. Ko an bi ƙa'idar hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan mai musu. Sai i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi kafin hukunci: akwai sauran magana ko wata hujja? Jimla ɗaya ce, amma rashinta a rubuce yakan rushe hukunci ɗungurungum. Bayan sun saurari ɓangarorin biyu, ko su tabbatar da hukuncin, ko su ƙara kuɗin ko su rage, ko su soke su mayar wa wani alƙali ya sake ji. Wanda har yanzu bai gamsu ba yana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sannan Kotun Ƙoli a Abuja, sai dai kuɗin mota da na lauya kan cinye abin da ake jayayya a kai tun kafin a isa can.

Abin da ya fi damuna shi ne uban da ke ɗaukaka ƙara don kawai ya ja lokaci. Shigar da takarda ba ya dakatar da hukunci, sai in kotu ce ta ba da umarnin dakatarwa. Muddin babu wannan umarni, uwa tana da damar komawa kotun farko ta nemi a zartar. Yaro ba ya ɗage cin tuwon dare zuwa ranar da za a zauna a Dutse.

'Yar'uwa, in ba ki da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Dutse. Ki je da kwafin hukuncinki, kuma ki je kafin kwana 30 su cika.