Ruwan Shuka Ya Sauka: Magana Ga 'Ya'yanmu Na Kwaleji

Ga shi, an buɗe sabon zangon karatu, 'ya'yanmu da yawa sun ɗaure kaya sun koma kwaleji da jami'a. Muna so mu yi magana da ku a kan makonnin farko, gama a nan ne yawancin ɗalibai sukan yi hasara, ba su sani ba.

Mu duka mun san manomi. Sa'anda ruwan shuka ya sauka, ba ya cewa bari in huta tukuna. In ya yi jinkiri, ko ya bar noman fari ya wuce shi, ciyawa ta ci gonar, duk wahalar da zai sha a watan Agusta ba za ta mayar masa da abin da ya ɓata ba. Zangon karatu kuwa gajere ne kamar damina, wajen mako 15 na koyarwa, sa'an nan jarrabawa. Amma mene ne mukan gani? Makon farko ya tafi wajen rajista da neman ɗaki. Na biyu a ce, "Ai malamai ba su fara sosai ba." Na uku a sha hira da abokai. Kashi ɗaya cikin biyar ya wuce ke nan, ba a buɗe littafi ba. Mu ma mun yi haka a shekararmu ta fari, mun kuwa sha kunya. Ku tuna, a jami'o'in Nijeriya da yawa, wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na darasi ba, ana iya hana shi jarrabawa. Gwaje-gwajen cikin zango kuma suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100.

To, bari mu yi lissafi tare. Mako ɗaya sa'a 168 ne, ga mai arziki da matalauci duka. Mu cire 56 domin barci, 18 domin zama cikin aji, 21 domin abinci da wanki da layin ruwa da tafiya, 6 domin sujada da zumunta. Saura 67. Malamai sukan ba da shawara a yi karatun sa'a biyu a kaɗaice domin kowace sa'a ɗaya ta aji, watau 36. Har yanzu da sauran 31! Ashe lokaci bai kasa ba. Wanda ya ba wayarsa sa'a uku kowace rana ya ba ta 21 a mako, fiye da abin da ya ba malamansa duka.

Wani zai ce, "Zan haɗa shi duka in jarrabawa ta matso." Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kan kansa, ya buga abin da ya samu a 1885. Ya ga mantuwa ta fi sauri cikin sa'o'in farko bayan koyo, daga baya sai ta lafa. Ya ga kuma maimaitawa kaɗan kaɗan cikin kwanaki ta fi kama zuciya bisa ga maimaitawa mai yawa a zama ɗaya. Saboda haka ku duba abin da kuka rubuta a aji a ranar nan, ko da na minti 20 ne, ku sāke dubawa ran Asabar.

Akwai wani tarko da ya fi kama yaran kirki. Sabon ɗalibi mai himma ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya karɓi aikin magatakarda a zumuntar ɗalibai, ya shiga ƙungiyar 'yan garinsu, kowa ya roƙe shi sai ya ce to. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Muna faɗin wannan da nauyin zuciya, gama mu shugabanni ne mukan ɗora musu kayan. Aikin da iyayenku suka sayar da hatsi da awaki dominsa, shi ne karatu, alkawari ne kuwa da kuka ɗauka. Ku zaɓi hidima ɗaya, ku riƙe ta da aminci, sauran ku ce, "Ku gafarce ni, ba zan iya ba bana."

Mun sani akwai abin da ba ya hannunku. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, da aka dawo kuwa makarantu da dama suka matse karatu cikin 'yan makonni. Wanda ya saba karatu kowace rana bai gigice ba kamar sauran.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya ɗauki takarda ya ja layi bakwai, ya fara rubuta sa'o'in aji, sa'an nan na karatu, da wurin da zai zauna ya yi shi. Ya manna ta a bango, ya kuma ba wani aboki mai gaskiya izini ya riƙa tambayarsa kowace Jumma'a ko ya cika.