Ruwan Wanka a Masaukin Baƙi: Hattara da Ƙwayar Lajonela

A watan Yuli na shekarar 1976, wata ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka ta yi taro a wani babban otal a birnin Filadalfiya. Bayan an watse, mutum 221, daga cikin mahalarta da waɗanda suka kusanci wurin, suka kamu da matsanancin ciwon huhu, 34 suka rasu. A farkon 1977 masana suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Lajonela, daga sunan ƙungiyar.

Yadda Ake Kamuwa

Wannan ƙwaya tana hayayyafa a cikin ruwan da ya daɗe a tanki ko bututu ba ya motsi, muddin zafinsa yana tsakanin digiri 20 da 45 a ma'aunin Salshiyas. Ana kamuwa ne ta shaƙar feshin ruwan, kamar na shawa, kuma ba safai wani ke ɗauka daga wani ba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 50, da mashayin taba, da wanda wata cuta ta raunana.

Abin da Ya Shafi Jos

Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, saboda haka baƙo ba ya son wanka da ruwan sanyi, balle da hunturu. Shi ya sa masaukai ke sanya na'urar ɗumama ruwa. To, idan aka ɗauke wuta, ruwan sai ya huce ya zama mai ɗumi-ɗumi. Idan kuma ɗakin ya yi makonni babu baƙo, ƙwayar ta sami gida ke nan.

Wajibin Mai Masauki

1. A ajiye ruwan zafi a digiri 60, ya kuma fito famfo bai gaza 50 ba. A riƙa aunawa, ana rubutawa a littafi.
2. A rufe tankin ruwan sanyi, a kare shi daga rana, a wanke shi kowace shekara.
3. Kowane mako a buɗe famfo da shawa na ɗakunan da ba kowa, ruwa ya gudana na 'yan mintoci.
4. A kwance kan shawa a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta duk wata uku.

Wajibin Matafiyi

Alamomin cutar sukan bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan kamuwa, watau sau da yawa bayan mutum ya koma gida. Su ne zazzaɓi mai zafi, da tari, da ciwon jiki, da sarƙewar numfashi. Kada ku ce zazzaɓin cizon sauro ne ku zauna a gida. Ku hanzarta zuwa asibiti, ku faɗa wa likita inda kuka sauka da ranakun da kuka kwana. Cutar tana jin magani idan an fara da wuri, kuma bayaninku yana iya ceton baƙon da zai kwana a ɗakin bayanku.