Motar Rimot: Kafin Ka Nema Mata Gudu

Motar rimot iri biyu ce. Akwai ta shagon kayan wasa, wadda in ta lalace sai bola, akwai kuma irin wadda Tamiya da Kyosho na Japan ko Traxxas na Amurka suke ƙerawa. Ita ta biyun mota ce sosai, girma kawai aka rage mata. Alamar 1/10 ko 1/8 da ke jikin kwalinta tana nufin kashi ɗaya cikin goma ko cikin takwas na tsawon mota ta gaske. Tana da giya da shokazoba da boris, kuma komai nata ana kwancewa a sauya. Tun 1976 Tamiya ta fito da ƙaramar Porsche 934 mai rimot, yau kuwa har gasar duniya ake yi da irin waɗannan motoci.

Duk wanda ya sayi sabuwa, tambayarsa ta farko ita ce yadda zai ƙara mata gudu. Shawarata ka ajiye wannan tukuna. Zafi da ƙura ne suke cin waɗannan motoci, mu kuwa muna da su har da na bayarwa: ga ƙurar hunturu, ga bazarar da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Yamai.

Mu fara da batir, domin shi ne mai tsada, shi ne kuma mai haɗari. Yawancin motocin yanzu da batirin LiPo suke aiki. A cikinsa akwai gidaje: 2S gida biyu ke nan, 3S gida uku. Kowane gida in ya cika 4.2V yake nunawa a fuskar caja, kuma bai kamata ka bar shi ya sauka ƙasa da 3.2V ba. Da ka ji motar ta fara sanyi, ka tsaya. Wannan "bari in ƙara zagaye ɗaya" shi ne ajalin batura da yawa. Wajen caji ka riƙa jona ƙaramar wayar batirin mai farin kai, domin ta nan caja take daidaita gidajen, kada wani ya cika ya bar wani. Batir mai 5000mAh kada ka ba shi fiye da 5A, sai in wanda ya ƙera shi ya rubuta cewa yana ɗaukar fiye da haka.

Ga abin da ya fi damuna. Saboda rashin tabbas ɗin wuta, mun saba jona kaya mu kwanta, in an kawo cikin dare su cika. Kada ka yi wa LiPo haka. In ya kama da wuta ba ya jiran kowa. Ka yi cajinsa idonka biyu, a kan siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa. Kada ka bar shi cikin babbar mota a rana. In za ka yi kwanaki ba ka yi wasa ba, ka ajiye shi a 3.8V kowane gida, ba cike ba, ba fanko ba. Cajoji masu kyau suna da wurin wannan saitin. Batirin da ya kumbura kuwa aikinsa ya ƙare, kada wani ya ce maka a huda shi iska ta fita.

Sai giya. A bakin injin lantarki akwai ƙaramar giya ta ƙarfe da ke juya wata babba, galibi ta roba. In ka sa ƙarama mai haƙora da yawa gudu zai ƙaru, amma zafi ma zai ƙaru, kuma tashin farko zai yi nauyi. Ka ƙara haƙori ɗaya ko biyu kawai, ka tuƙa minti biyar, ka auna. In inji ya wuce digiri 70, ka koma baya. In ba ka da ma'auni, ɗan taɓa shi da yatsa: wanda ba ka iya riƙewa daƙiƙa uku ya yi zafi da yawa. Giyar da ta yi daidai da sanyin Janairu tana iya ƙona inji a Afrilu. Wajen haɗa giyoyin biyu, ka sa siririyar takarda a tsakaninsu, ka matse, ka ɗaure, sannan ka juya takardar ta fita. Ɗan wasan da ya rage shi ake so. In sun matse za ka ji kuka, in sun yi sako-sako haƙoran babbar za su gwigwiye.

Bayan kowane wasa, buroshin fenti busasshe da iska sun ishe ka. Ruwa yana shiga boris ya bar tsatsa. Kada ka shafa giris a giyar da ke fili, domin giris da yashi in suka haɗu dutsen niƙa ka yi wa motarka. Giris na cikin akwatin giyar da ke rufe ne. Ka ɗaga motar ka juya kowace taya da hannu, wadda ka ji tana gurzawa boris ɗinta ya sha ƙasa. Ka bi kusoshi da makullai masu lamba 1.5 da 2 da 2.5. Inda ƙarfe ya shiga ƙarfe ka ɗiga shuɗin gam ɗin ɗaure zare, inda ya shiga roba kuwa babu gam, kuma da ka ji ya tsaya ka tsaya.

In motar tana tsalle-tsalle bayan ta dira, man shokazoba ya zube. Man silikon ake zuba masa, mai lamba 30 zuwa 40 a yawancin motocin 1/10, ba baƙin mai ba. Amma a gaskiya babu abin da ke sauya tafiyar mota kamar taya. Mai ƙuraje ta burji ce da yashi, kwalta kuwa cinye ta take yi nan da nan. Duk abin da za ka sauya, ɗaya-ɗaya, kana rubutawa. Wanda ya sauya taya da mai da giya a yini guda ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Masu injin mai, wato naitiro, naku aikin ya fi yawa. Ba fetur yake sha ba. Haɗin metanol ne da naitirometan, galibi kashi 20 cikin ɗari, da man da ke sa wa injin santsi. Sosan tace iska shi ne ran injin. A lokacin hazo ka wanke shi, ya bushe, ka jiƙa shi da mansa bayan kowane wasa, kuma kada ka tayar da inji babu shi ko na minti ɗaya. Allurar kafireto in ka juya ta dama mai yana raguwa. Injin zai yi zaƙin murya da gudu, a nan mutane ke ruɗuwa, alhali man da ka rage shi ne mai sanyaya shi. Juyi kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kuma lallai ka riƙa ganin siririn hayaƙi daga salansa. Da sanyin safiya injin yana son ƙarin mai fiye da tsakar rana. In ka gama, ka juye tanki, ka bar injin ya ƙone ragowar, ka ɗiga masa man ajiya, domin metanol yana jan danshi, musamman da damina.

Rimot shi ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. Kafin ka sa motar a ƙasa, ka ɗora ta kan bulo tayoyi a sama, ka ba ta ɗan totur, ka kashe rimot ɗin da gangan. In tayoyin ba su tsaya ba, ka buɗe littafinta ka saita tsayawar gaggawa kafin ka fita da ita inda yara suke.