Manhajar Kyauta Ce, Amma Wa Zai Riƙe Ta?

Tun da korona ta rufe makarantu a 2020, tambaya ɗaya ke yawan iske mai wannan rubutu, wanda sana'arsa girka wa makarantu manhajar karatu ta intanet: "Injiniya, wacce ce ta kyauta?" Yakan amsa da cewa manyan da yawa kyauta ne, kowa na iya saukewa ya gyara yadda yake so. Kuɗin yana wajen hayar sabar, da albashin wanda zai kula da ita.

Moodle na cikin waɗanda suka fi daɗewa. Martin Dougiamas, ɗan Ostireliya, ya fitar da ita a 2002, kuma da PHP aka rubuta ta, harshen da masu gina shafuka da yawa suka iya, don haka mai gyara ba ya wuyar samu. Tana shirya jarrabawa, tana tara maki, kuma manhajarta ta waya na barin ɗalibi ya sauke darasi idan akwai sabis, ya karanta bayan sabis ya ɗauke.

Open edX daga jami'o'in Harvard da MIT ta samo asali, an buɗe ta ga kowa a 2013. Don dubban ɗalibai da darussan bidiyo aka gina ta, shi ya sa take son sabar mai ƙarfi da ƙwararren hannu. Canvas, ta kamfanin Instructure, tana da kyan fasali, sai dai girka ta da kanka aiki ne ja. Chamilo, wadda ta ɓalle daga Dokeos a 2010, ba ta da nauyi, kuma malamai na saurin gane kanta.

Wata kwaleji ta taɓa nace wa mai wannan rubutu sai Open edX, saboda sunan Harvard. Aka girka, aka yi buki. Ba a jima ba ma'aikaci ɗaya tilo da ya iya ta ya samu aiki a wani wuri. Ranar jarrabawa sabar ta tsaya cak, babu kwafin ajiya, malamai suka koma raba tambayoyi a WhatsApp.

Tun daga nan ba ya fara magana da sunan manhaja. Yakan tambayi shugaban makaranta: ɗalibai nawa za su shiga lokaci guda? Wa zai riƙa sabunta ta, kuma idan ya tafi wa zai gaje shi? Ina ake ajiye kwafi? Daga nan sai ya ɗora darasi ɗaya, ya ba ɗalibai goma su gwada a ƙananan wayoyinsu na Android da datar kansu, ya zauna yana kallon inda suke maƙalewa.

Inda intanet ba ta kai ba kwata-kwata, yakan nuna musu Kolibri, wadda ke aiki daga kwamfuta ɗaya a cikin makaranta. Waccan kwaleji kuwa Moodle ta koma, bayan ta tura ma'aikata biyu sun koyi riƙonta.